Akwatin «gudu» da lokacin wutar babur

Filinmu na wannan mako zai bar Yamai da hayaniyarta, ya nufi gabas, can Dungu a ƙasar Matamaye, inda babur ya daɗe da karɓe aikin jaki. Shi ke fito da rake daga korama zuwa bakin kwalta, shi ke kai malamin lakkol ƙauyen da aka tura shi, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita da tsakar dare. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Takeita, ta bi ta Kance da Matamaye, ta faɗa Ɗan Barto a bakin iyakar Daura, ya san cewa da an sauka daga kwalta sai rairayi. Rairayi kuwa ba ya ragawa injin da ke da ciwo.

Daga can ne wani ɗan kasuwa ya aiko mana da takarda. Babur ɗinsa ƙirar Sin ne, mai lamba 125, kuma lafiyarsa lau har ranar da yaronsa ya sayo masa sabon akwatin CDI daga ƙetaren iyaka, mai launi kamar alawa, an rubuta masa Racing a jiki. Mai sayarwa ya rantse cewa zai ƙara wa babur gudu. Tun daga wannan rana kik ke dawowa ya bugi ƙafa, inji ke zafi fiye da kima, kuma idan aka shiga yashi da lodi sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. An sake buji, an wanke karburato har sau biyu, an juye baƙin mai. Ciwo na nan. Shi ne yake tambaya ko injin ne ya tsufa.

To, Alhaji, injinka bai tsufa ba, amma in aka ci gaba a haka ba zai kai tsufan ba.

Bari mu faro daga tushe. Esansi da iska da ke cikin silinda ba sa fashewa farat ɗaya. Suna ci ne kamar yadda wuta ke cin gayya a gona, daga inda aka kunna ta bazu, sai dai cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka dole buji ya ba da tartsatsi tun fistan bai ƙarasa hawa sama ba, domin ƙarfin wutar ya cika daidai lokacin da ya fara gangarowa. Wannan rigaye shi ne Faransawa ke kira avance à l'allumage, kuma da digiri ake auna shi. A injunan da aka kwaikwayo daga Honda CG125, wanda Japanawa suka ƙera tun shekarun 1970 musamman don ƙasashe irin namu, tartsatsin na fita wajen digiri 15 kafin fistan ya kai ƙololuwa idan inji na tsaye yana silo, ya ƙaru zuwa wajen 35 idan an murɗa totur. Dalilin ƙarin a fili yake. Injin da ke juyi 1.500 a minti ɗaya yana zagaye 25 a daƙiƙa, wanda ke juyi 6.000 kuwa zagaye 100 yake yi. Fistan ya ƙara sauri, ita wuta ba ta ƙara ba yadda ya ƙara, sai a kunna ta da wuri.

A zamanin mobilet da tsoffin babura, filatin ne ke wannan aiki, makaniki ya daidaita shi da sukundireba da takardar taba. Yau akwatin CDI ne, ɗan abin da bai wuce kwalin ashana biyu ba, an toshe shi da ƙaro, ba a buɗe shi, ba a gyara shi. Shi ke yanke hukuncin lokacin da buji zai yi magana. Na kamfani an lissafa shi da sassauci: an san babur zai sha man da ba shi da kyau, zai yi aiki a zafin watan Afirilu, zai ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Shi kuwa akwatin «gudu», akasari abu biyu yake yi. Yana cire iyakar juyin da kamfani ya sa wa inji, sannan yana matso da tartsatsi gaba. Wasu ma ba su san silo ba, tun daga bugun kik suke ba da wuta da wuri. Shi ya sa kik ke dawowa: wuta ta kama tun fistan bai samu ƙarfin ƙetare ƙololuwa ba, sai ta mayar da shi baya. Ƙarar tsakuwar nan kuma, wadda Faransawa ke kira cliquetis, sauran man da wuta ba ta kai gare shi ba ne ke fashewa da kansa saboda matsi da zafi. Kowace ƙara ɗaya guduma ce a kan fistan. Ta daɗe tana duka, sai ringi ya karye ko kan fistan ya huje.

Abu na farko, kuma mafi arha, a mayar da tsohon akwati. Muna fatan yaro bai jefar ba. In ciwo ya tafi, magana ta ƙare, an san ɓarawon. Abin mamaki ne yadda ake kwance karburato sau biyu alhali kowa ya san abin da aka taɓa a ƙarshe. Sai dai karburato aiki ne da ake biyan kuɗin hannu, zare akwati kuwa minti ɗaya ne.

Wanda ya dage sai ya yi aiki da sabon akwati, ko wanda tsohon nasa ya mutu, to ya san cewa dacewar soket ba shaida ba ce. Akwai akwatin da ke cin wutarsa daga wani nadi na musamman cikin magneto, shi ne AC. Akwai mai cin bolt 12 na batir, shi ne DC. Bakinsu kan zo iri ɗaya, amma in aka ba ɗaya abincin ɗaya, ko dai babur ya ƙi tashi ko akwatin ya ƙone. A tsarin launin Honda, wanda yawancin ƴan Sin ke bi, baƙar waya mai jan zare ita ke kawo wutar magneto, shuɗiya mai rawayan zare ita ke kawo saƙon fikof, koriya kuma ta ƙasa ce. Sannan akwai wani ɗan tudu na ƙarfe a bayan bolan, wanda ke giftawa gaban fikof a kowane zagaye. Tsawon wannan tudu ya bambanta daga inji zuwa inji, kuma da shi akwati ke lissafinsa. Akwatin da aka yi don gajeren tudu, in ya tarar da dogo, lissafinsa ya ɓaci ke nan. Haka kuma idan fikof mai waya biyu ne aka juya su, akwatin zai ɗauki wutsiyar tudu a matsayin kansa, lokaci ya goce da digiri masu yawa.

Kunne ba ya auna digiri, komai ƙwarewar mai shi. Abin awo shi ne fitilar stroboskop, wadda ake maƙala wa wayar buji, tana walƙiya duk sa'ad da tartsatsi ya fita. A murfin inji na hagu akwai ɗan rami mai marfi. In aka buɗe aka haska, za a ga alamomin da ke jikin bolan kamar sun tsaya cik. Harafin T na nufin fistan yana ƙololuwa, F kuma nan ne wuta ke fita a silo, sannan akwai layuka biyu da ke nuna iyakar rigaye. A silo, F ya kamata ya tsaya a kan tsagar murfi. Ana murɗa totur, F ya janye, layukan biyu su iso su tsaya. In tun a silo layukan biyu ne ke kusa da tsaga, ko suka wuce ta da aka ba da wuta, akwatin ya yi gaggawa. In alamar na rawa, ba ta tsayawa wuri ɗaya, a duba ko fikof ya saki, ko wayar ƙasa ta yi tsatsa. Fitilar nan ba ta kai kuɗin fistan da ringi da gasket da kuɗin bora ba, amma garejin babura nawa ne ke da ita tsakanin Matamaye da Magarya? Da makanikan gari ɗaya za su yi adashe su sayi guda, da ta ishe su.

Akwai wuri ɗaya da fitilar kanta ke ruɗin mutum, kuma muna jin tsoron shi ne zai samu mai takardarmu. Bolan yana zaune a kan sandar inji, wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, kilabet, shi ke tsayar masa da mazauni. Dukan da kik ke yi in ya dawo yana iya yanke wannan ƙarfe, bolan ya ɗan zame. To alamomin da tudun fikof duk a jikin bolan suke, tare suke zamewa. Fitila za ta nuna F a kan tsaga, ta ce komai daidai, alhali fistan na wani wuri dabam. Ga yadda ake kama shi: a cire buji, a zura tsinke mai tsabta ta ramin, a juya inji da hannu a hankali har tsinken ya daina hawa, sannan a leƙa a ga ko T na kan tsaga. In ba ya nan, kilabet ya tafi. Saboda haka wanda ya mayar da tsohon akwati ya ga ciwo bai warke ba, kada ya yi saurin wanke sabon daga laifi.

A kula kuma da kalmar «tayimin» da makanikai suka aro daga maƙwabta. Sau da yawa abin da suke nufi shi ne sarƙar da ke buɗe bawul, kamar ta Bajaj Boxer, wadda ba ruwanta da buji. Injin CG na asali ma ba shi da wannan sarƙa, sanduna ne ke tura bawul ɗinsa. Mai babur ya tambaya wane tayimin ake nufi kafin a kwance masa kan inji.

Saura maganar mai. Matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a watan Nuwamba na 2011, da ƙarfin ganga 20.000 a rana, amma shekara da shekaru baburan bakin iyaka ruwa-ruwa suka sha, har zuwa 29 ga Mayu 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai, lissafin ƴan kwalba ya juye. Ko daga ina ya fito, man da ya wuni a kwalba cikin rana, ko wanda aka gauraya da wani abu, ba ya jure matsi kamar sabo. Akwatin kamfani ya bar wa irin wannan mai sarari. Akwatin «gudu» an yi shi ne da zaton mai mai kyau, da babur mara lodi, da hanya mai santsi, inda inji ke kuka a sama. Mai ɗauko rake daga koramar Dungu, cikin yashi, a giya ta biyu, ba ya ko kusantar juyin da aka cire wa iyaka. Rabonsa a cinikin shi ne wutar da ke riga lokacinta, a daidai inda ta fi ɓarna.

Su kuma ma'aikatan da ofisoshinsu ko ƙungiyoyi ke ba manyan babura, su sani cewa zamani na tafe da wani salo. Tun watan Afirilu na 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta sa yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can suka bar karburato, ƴar kwamfuta ce ke raba mai da wuta tare. A irin waɗannan, lokacin wuta jadawali ne da aka rubuta a cikin kwamfutar, ana karanta shi da na'ura, kuma akwatin kasuwa ba ya shiga soket ɗinsu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.