Alayyaho Mai Faffaɗan Ganye

Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda yana tambaya, wai shin alayyahon nan mai faffaɗan ganye da masu kwaɗo ke rububinsa a kasuwa yana da wani amfani ga jiki, ko kuwa cika ciki ne kurum? To, malam, ga amsa.

Da fari sai mu rarrabe. Alayyahon Turawa dabam, namu dabam. Nasu asalinsa daga ƙasar Farisa ne, sanyi yake so, ba ya jure zafin bazararmu. Namu kuwa ɗan rana ne, in ya sami taki da ban ruwa, cikin mako 4 zuwa 6 ya isa ɗiba. Masu kwaɗo sun fi son mai manyan ganye domin ba ya saurin narkewa a tukunya, ga shi da riƙe garin ƙuli-ƙuli.

Amfani kam akwai shi. Ganyen yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A, wanda rashinsa ke sa wa yara dundumi, da bitamin C. Amma fa mu da hannunmu muke ɓarnatar da su. Na ga mai kwaɗo ta yayyanka ganye sa'an nan ta wanke, ta jefa kanwa don ya yi kore shar, ta dafa har ya yi luguf, ta tsiyaye ruwan ta zubar. Kanwa da doguwar dahuwa suna kashe bitamin C, abin da ya tsira kuwa ya bi ruwa. Ashe dusa aka ba yara, an zubar da tsaba.

Ga shawarata. A ɗebo shi da sassafe, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. A wanke shi ganye ɗai-ɗai tun ba a yayyanka ba, gama babban ganye yana ɓoye yashi da ƙwan tsutsar ciki, balle inda ake ban ruwa da ruwan kwata. Saboda haka kada a ci shi ɗanye. A turara shi kaɗan, ban da kanwa, a zuba man gyaɗa ko manja, don mai ne ke taimakon jiki ya amfana da bitamin A.

Malamai, ku sa almajiranku su kai wannan magana gida. Akawuna kuma, kada araharsa ta sa ku raina shi. Wanda duk ke da mai jego ko ƙananan yara a gida, kada kwandon cefanensa ya rasa damin alayyaho.