Mazan Jiya: Wa Zai Riƙe Sunayensu?

 

Duk wanda ya tashi daga nan New Bell ya gangara Bonanjo neman wata takarda a ofisoshin gwamnati, ya san dandalin da aka kafa wa Janar Leclerc gunki, da ginin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1916. Mukan wuce ba ko waiwaye, muna ganin abin na Turawa ne. Alhali kuwa a cikin jinin da aka zubar a waɗancan yaƙe-yaƙe akwai na kakanninmu.

A ranar 27 ga Satumba 1914 ne garin Duwala ya faɗa hannun rundunar Ingila da Faransa, ƙarƙashin Janar Dobell. Hafsoshin dai Turawa ne, amma mafi yawan masu riƙe da bindiga baƙaƙen fata ne, cikinsu har da Hausawa da Barebari na rundunar Nijeriya, wadda Hausa ce harshen barikinta. A ɓangaren Jamusawa ma akwai namu. Haka aka gwabza a Garwa da Banyo cikin 1915, har zuwa dutsen Mora, inda sansanin Jamus na ƙarshe ya miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu 1916. Musulmi ya auna Musulmi da bindiga a kan rigimar da ba tasu ba. Chari Maigumeri misali ne: ya yi wa Jamus yaƙi, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Ingila har ya kai babban matsayi, aka sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa. Shi an san shi. To ina dubban 'yan dakon da suka ɗauki harsasai da abinci a ka, yunwa da cuta suka kashe su a daji?

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Leclerc ya sauka Duwala cikin kwalekwale a watan Agusta 1940, da mutanen da ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, ya jawo Kamaru ɓangaren Janar de Gaulle. Sojojin da ya ci Kufra da su a hamadar Libiya cikin Maris 1941, akasarinsu 'yan Afirka ne. 'Yan uwanmu na Kano da Katsina da Sakkwato kuwa, jirgin ruwa ya kwashe su zuwa dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82.

Sakayyar da aka yi musu abin takaici ce. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wa sojojin Afirka wuta don sun nemi haƙƙinsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mallaka, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011, lokacin da galibinsu suka riga mu gidan gaskiya. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, yawancinsu 'yan gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Wani zai ce ai yaƙin Nasara suka yi, ina ruwanmu? Gaskiya ne ba su ne suka haddasa shi ba, wasu ma tilas aka kama su ta hannun sarakuna. Amma wanda aka zalunta yana raye, bai dace zuriyarsa ta ƙara masa da mantuwa ba. Kuma maganar ba ta tsaya ga jiya ba. Daga 2014 sojojin Kamaru sun yi ta faɗuwa a Fotokol da Kolofata da Amchide wajen kare jama'a daga Boko Haram, a yankin da Moran nan take, inda kakanni suka zubar da jini shekaru ɗari kafin su. Sun bar mata da marayu.

Mu Musulmi ba mu kafa wa mamaci gunki. Hanyarmu ita ce addu'a da sadaka da riƙon amanar waɗanda ya bari. Don haka muke roƙon kowane magidanci abubuwa uku. Na farko, a zauna da tsofaffin gida, musamman iyayenmu mata, a tambaye su wa ya tafi soja a dangi, wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba, a rubuta a littafi. Na biyu, in akwai takardar soja ko lambar yabo ko hoto a ƙasan akwati, a fito da su daga damshin Duwala, a ɗauki hotonsu, a nuna wa yara. Na uku, a duba cikin unguwa: in akwai matar soja da mijinta ya rasu a bakin aiki, kuɗin makarantar ɗanta ɗaya ya fi furanni dubu.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma wanda ya manta kakansa, jikansa ma zai manta shi. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya gafarta musu, Ya raya abin da suka bari, Ya zaunar da Kamaru da maƙwabtanta lafiya. Amin. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.