Idan Na'urar Faya-fayai Ta Ce Ba Ta Ga Faifai Ba

A gidaje da dama, da ɗakunan karatu, da wasu gidajen rediyo, akwai na'urar nan mai ɗaukar faifan CD biyar ko shida a lokaci guda, wadda a yau an lulluɓe ta da ƙyalle an jingine a lungu. Laifinta ɗaya ne: an zuba mata faya-fayai, ta juya, ta yi ɗan gurnani, sannan ta rubuta NO DISC a fuskarta. Daga nan sai a yanke mata hukuncin mutuwa. Ni kuwa ina ganin an yi gaggawa, domin mafi yawan irin wannan cuta tana da magani mai sauƙi, kuma abin da ke cikin faya-fayan ya fi na'urar daraja nesa ba kusa ba. Ɗalibaina masu nazarin waƙoƙin baka sukan zo da faifan da aka sayo a Ƙofar Wambai shekaru ashirin da suka wuce, ɗauke da waƙar Mamman Shata ko Ɗanƙwairo da suka kasa samun irin ɗaukarta a intanet, amma babu abin sauraro.

Kafin a taɓa sukundireba, ya kamata mai karatu ya san abin da na'urar ke yi. Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, faɗinsa santimita 12 ne, kuma sautin yana rubuce a kan siririn layi guda da ya naɗe daga tsakiya zuwa baki, tsawonsa ya haura kilomita 5. Wani ɗan ido mai fitar da hasken leza shi ke bin layin, yana karanta hasken da ya dawo masa. Da an ɗora faifai, idon zai matsa can tsakiya, ya yi sama da ƙasa yana neman saiti, faifan ya fara juyawa, sannan a karanta jadawalin waƙoƙi da ke farkon layin. Duk inda wannan jerin ya katse, saƙon da za ka gani iri ɗaya ne. Ita kuwa mai faifai da yawa tana da ƙarin aiki, domin sai ta juya tire, ta tsayar da faifan daidai wurinsa, ta ɗaga shi ta danne, kafin ido ya fara nasa. Saboda haka tana da hanyoyin lalacewa fiye da mai faifai ɗaya, kuma yawancinsu na roba ne da ƙarfe, ba na lantarki ba.

Binciken farko da kunne ake yin sa. Sa faifan kamfani mai tsabta, ba wanda aka kwafa a shago ba, ka saurara. Idan tiren yana ta zagaye ba ya tsayawa, ko ya tsaya a karkace, to matsalar ba ta kai ga ido ba tukuna. Ƙura ce ta toshe ɗan abin da ke shaida wa na'urar matsayin tire, ko kuwa bel ɗin roba ya saki. Zafin ƙasarmu ba ya raga wa roba. Bel yakan miƙe, ko ya narke ya zama kamar kwalta, sai a ji injin yana kuka amma babu abin da ke motsi. Sabon bel mai girman tsohon ya isa ya tashi na'urar da aka fitar da rai da ita.

Idan kuwa faifan ya hau wurinsa, ya ɗan juya ya tsaya, to a duba ido. Ƙurar hunturu da hayaƙin girki da na turaren wuta sukan kwanta a kansa har ya dushe. A zare wayar wuta daga bango tukuna, a buɗe murfi, a ɗan jiƙa audugar goge kunne da sifirit mai tsabta irin na masu gyaran waya, a shafa a hankali, domin idon yana rataye ne a kan wayoyi sirara kamar gashi. Fetur da kananzir ba su da wuri a nan. Kada kuma a leƙa cikin idon yayin da na'urar ke kunne. Haskensa ba ya ganuwa sosai, amma yana iya cutar da gani. Na'urar da ke karanta waƙoƙin farko, ta riƙa tsalle a na ƙarshe, galibi tsohon giris ne ya daskare a kan sandar da idon ke tafiya a kanta, sai a goge a sa sabo kaɗan.

Akwai gwaji guda da nake ganin ya fi sauran faɗar gaskiya. Faifan da aka kwafa da kwamfuta ba ya mayar da haske kamar na kamfani. Idan na'ura tana karanta na kamfani tana ƙin kwafaffe, alhali an goge ido, to lezar ce ta fara tsufa. A nan ne wasu masu gyaran rediyo ke murɗa wani ɗan sukurun da ke jikin idon don ƙara masa wuta. Na'urar za ta yi aiki a gabanka, ka biya ka tafi, bayan ɗan lokaci ta mutu murus. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abin da ya dace shi ne a sauya idon gaba ɗaya, a karanta lambar da ke jikinsa a nemo irinsa. Na Sony mai lamba KSS-213, alal misali, yana cikin na'urorin kamfanoni da yawa, har yanzu kuma ana samun sa. Wahalar ita ce samun mai gyaran, tunda samarin da da za su gaji wannan sana'a duk sun koma gyaran waya, kuma ban ga laifinsu ba, can ne kasuwa take.

Wani lokaci na'urar lafiyarta ƙalau, faifan ne ya gaza. Mutane sukan kiyaye gefen mai ƙyalli su yi sakaci da gefen rubutu, alhali sautin yana kwance ne dab da gefen rubutun, ƙarƙashin shafe mai kaurin da bai kai na takarda ba. Ƙarzanen ƙasa ana iya goge shi, na sama kuwa ya tafi da sauti har abada. Ɗaga faifan ka duba shi a hasken taga: in ka ga ƙananan huji kamar na allura, wurin ya riga ya mutu. Gogewa kuma daga tsakiya zuwa baki ake yi da ƙyalle mai laushi, ba a zagaye ba.

Kwafaffen faifai, irin wanda kasuwanninmu suka sayar, sinadarin rini ne ke riƙe da sautinsa, zafi da rana kuma suna cin sa a hankali ko da ba a taɓa shi ba. Don haka ranar da na'urar ta farfaɗo, a saurari faya-fayan a ware masu rai, a juye su a kwamfuta a tsarin FLAC ko WAV wanda ba ya rage ingancin sauti, a rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da inda aka sayo faifan, sannan a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. A fara da kwafaffun, na kamfani za su iya jira.