Takardar fili da kuɗin lauya: shawara ga 'yan uwana mazauna Jalingo

Yau ina so in taɓo wata magana da iyayenmu 'yan kasuwa ba su son ji, wato maganar zuwa wajen lauya kafin a sayi fili ko shago. Da ka ambaci lauya sai dattijo ya ɓata rai, ya ce shi ba rigima yake da kowa ba. To ai abin da ake gudu ke nan.

Abin da ya sa na damu shi ne abin da ya faru a gidanmu. Shekarun baya mahaifina ya sayi wani fili a wajen Mayo Gwoi. An yi ciniki lafiya a gaban shaidu, aka je shagon masu buga takardu da kwamfuta, yaron shagon ya buga yarjejeniya shafi guda, kowa ya sa hannu, aka yi fatiha. Bayan mai filin ya rasu sai ga 'ya'yansa, suka ce filin na gado ne tun daga kakansu, marigayin ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Sai a lokacin Baba ya nemi lauya. Lauyan ya duba takardar ya girgiza kai, domin babu taswirar filin, babu iyaka sai "daga bishiyar mangwaro zuwa hanya", kuma mangwaron an daɗe da sare shi. Ƙarshenta sulhu aka yi, Baba ya sake biyan wani abu mai tsoka a kan filin da ya riga ya saya.

Ɗan ƙasa idan irin wannan ta taso yana da dangi da dattawan da za su ce nan gonar kakan wane ce. Mu kuwa da iyayenmu suka zo daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ko da a nan aka haife mu, shaidarmu ita ce takarda. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan, gaskiya ne. Amma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce sai da amincewarsa za a sauya mai riƙe da fili. Tun a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa ba ne, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba ta tashi a banza. Mutum nawa ne a cikin kasuwarmu suka san da wannan? Haka kuma dokar aikin lauya ta haramta wa wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi don rubuta takardar cinikin fili. Ashe yaron shagon nan ma laifi ya yi, shi bai sani ba, mu ba mu sani ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A shekarar 2023 an fitar da sabon tsarin kuɗin aikin lauyoyi, wanda ya yanka mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa. An kasa jihohi gida uku, Legas da Abuja su ne mafi tsada, Taraba tana rukunin masu sauƙi tare da Adamawa da Kano. A nan, neman shawara kawai wajen lauyan da bai kai shekara goma da fara aiki ba Naira 20,000 ne. Rubuta takardar sayen fili kuwa, idan kuɗin bai kai miliyan 50 ba, kashi 10 cikin 100 ne. Wato filin miliyan 3, lauya na da 300,000. Lauyan da ya karya farashi ba bisa ƙa'ida ba za a iya hukunta shi.

Ni a ganina wannan kashi goma ya yi wa talaka nauyi ƙwarai. Na fahimci lauyoyi ma abinci suke nema, kuma ƙananansu suna shan wahala. Sai dai mutumin da ya shekara biyar yana tara kuɗin fili da cinikin tumatir, idan ka ce ya ƙaro 300,000, shagon kwamfuta zai koma, sannan a haɗu a kotu daga baya. Ya kamata ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta sake duba ƙananan ciniki irin namu. Duk da haka, abin da Baba ya biya a sulhu ya fi kashi goma nesa ba kusa ba, ban da zirga-zirga da rufe shago.

Idan za ka je, ga abin da za ka lura da shi. Tun 2015 ake tilasta wa lauya manna hatimin NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa a kan takardun shari'a da ya rubuta. A wannan shekarar, a shari'ar Sarkin Yaƙi da Bagudu ta jihar Kebbi, Kotun Ƙoli ta ce takardar da ba hatimi ba a kammala ta daidai ba, ko da yake ana iya gyarawa. Saboda haka ka nemi ganin hatimin, domin ba duk mai baƙar kwat a bakin kotu ne lauya ba.

Sannan kada ka ji haushi idan ya nemi katin shaidarka, ko ya tambayi inda kuɗin ya fito. Sababbin ƙa'idojin aikinsu da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024 ne suka ɗora masa sanin wanda yake yi wa aiki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, don haka al'adar nan ta ƙirga kuɗi a zaure cikin buhu a bar ta. Takardar banki ma ƙarin shaida ce.

Roƙona ga lauyoyinmu masu jin Hausa, kuma suna da yawa a garin nan, su riƙa karanta wa dattijo abin da zai sa wa hannu layi-layi cikin harshen da yake ji. Baba har yanzu yana ajiye da tsohuwar takardar nan a cikin akwati, kwanan baya da wani maƙwabcinmu ya zo da maganar sayen shago, ita ya ɗauko ya nuna masa.

Wassalam.