Raddi ga Mai Cewa Karatun Intanet Ba Karatu Ba Ne

A wajen wata walimar kammala karatu a Kano, wani dattijon malamin jami'a, wanda ya karantar da ni kuma har gobe durƙusawa nake in gaishe shi, ya tashi ya yi jawabi mai zafi a kan digirin da ake yi ta intanet. Ya rufe da kiran hukuma ta daina amincewa da irin wannan takarda, masu ɗaukar aiki kuma su ture ta gefe. Ban tanka a wurin ba, don ba a katse babba a bainar jama'a. Sai dai maganar za ta cutar da bayin Allah masu yawa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Allah ya gafarta Malam, ga amsata.

Malam ya fara da cewa ilimi ba ya shiga sai ɗalibi ya zauna gaban malaminsa, ido da ido. Falalar zama gaban malami ba abin musu ba ce. Amma mayar da shi sharaɗi, wannan tarihinmu ma bai yarda da shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka da aure da raino da nisan tafiya suka hana su zuwa gare ta. Sai ta naɗa jajoji, wato matan da ke jagorantar karatun, ta ɗora musu malfa, ta ba su darussa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, suka kai wa mata har gida. Haka waɗannan mata, da ake kira 'yan taru, suka yi karatu, da yawansu ba su taɓa ganin fuskar malamar ba. Shin Malam zai ce abin da suka koya ba ilimi ba ne? Kuma mutum nawa ne a Arewa suka fahimci tafsiri daga bakin Shaihu Abubakar Gumi ta Rediyon Kaduna, alhali ƙafarsu ba ta taɓa taka masallacin Sultan Bello ba?

A ɓangaren boko ma abin ya tsufa. Tun 1858 Jami'ar Landan take ba da digiri ga waɗanda ke karatu daga nesa. Nelson Mandela yana tsare ya kammala digirin shari'a a Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da takardun darasi da haɗuwar ƙarshen mako ta horar da malaman firamarenmu. Abin da intanet ta ƙara shi ne ɗalibi ya yi tambaya yau, ya sami amsa yau. Sannan ina roƙon Malam ya tuna ɗakin laccar da na zauna a ajin farko: ɗaruruwan ɗalibai, wasu a ƙasa, wasu maƙale a taga, lasifika ta mutu. Na bayan ɗakin nan ya fi mai kallon allon waya nisa da malami.

Hujja ta biyu ita ce takardar bogi. A Disamban 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sayi digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Makarantar tana da gini da ƙofa da allon suna. Ashe cutar rashin sa ido ce, kuma gini ba ya maganinta. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, hukumar NUC ce ke tantance darussanta kamar kowace jami'a, ɗalibanta kuma a cibiyoyin karatu suke zana jarrabawa, masu sa ido na tsaye a kansu. Farfesa Abdalla Uba Adamu, abokin aikin su Malam a Kano, shi ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Malam ya ce masu fara karatun intanet ba sa ƙarasawa. Ya yi gaskiya idan yana nufin darussan kyauta irin na Coursera da edX da suka bazu tun 2012, domin a cikin goma da wuya ɗaya ya kai ƙarshe. Amma wannan kamar majalisin karatu ne a ƙofar gida: mai wucewa ya tsaya ya ji baki biyu ya tafi, kuma ba a ƙirga shi cikin waɗanda suka faɗi. Digiri mai rajista da kuɗin makaranta da jarrabawa wani abu ne daban. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta buɗe digiri na biyu na ilimin kwamfuta ta intanet a 2014, a kan kimanin dala 7,000, kuma takardar da take bai wa na nesa ita take bai wa na cikin harabarta.

Batun likitanci da injiniya, da duk fannin da sai an taɓa da hannu, na sallama. Ba a koyon fiɗa ta waya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wuta da kuɗin data, kuma ta fi ci mini rai fiye da yadda take ci wa Malam. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. A Satumban 2021 an katse sadarwa a Zamfara baki ɗaya. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk haka ne. To amma wanda rijiyar garinsu ta yi nisa, a haƙa masa ta kusa ake yi, ba a hana shi shan ruwa. Kuma me Malam ya tanadar wa masu neman karatu? Kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB a shekara, gurabe ba sa isar su. Waɗanda suka samu ma, yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da su gida daga Fabrairu har Oktoba. Matar aure mai goyo, da ɗan sandan da ake yi wa canjin gari, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ba zai rufe shago shekara huɗu ba, da fursunonin da NOUN ke karantarwa kyauta, wace ƙofa za su bi?

Daga ƙarshe Malam ya ce wannan hanya ce ta sayar da 'ya'yanmu ga Turawa. Ni na ga akasin haka. Yaron da ya koyi rubuta manhaja ko fassara, yana yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsa, da mu yake sallar asuba, cefanen gidansu kuma a kasuwarmu yake yi. Wanda muke rasawa shi ne wanda ya sayar da gonar gado ya hau jirgi. A Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, mun ga yadda aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, kuma wasu jami'o'in can ta intanet suka ci gaba da karantarwa.

Roƙona ga Malam ɗaya ne. Shekarun da ka yi kana karantarwa sun fi shekarun yawancin ɗalibanka, amma iliminka bai wuce bangon aji ba. Ka yarda a naɗi darussanka da Hausa, a ɗora su inda yarinyar Gumel da yaron Maraɗi za su same su. Ni zan kawo na'urar, ka sa mana rana.