Rahoton Da Bai Ƙirga Shanu Ba, Rahoton Wa Ne?

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu na Tamale da kewaye, a watan Nuwamban 2019 Shugaba Akufo-Addo ya aza harsashin madatsar ruwa ta Pwalugu a kan kogin Farin Volta, arewa da mu, aka yi alkawarin wutar lantarki da noman rani. Aikin dai ya tsaya, amma ba a daina maganar tayar da shi ba. To tun kafin a tayar, muna da magana.

Tun 1999 dokar Gana ta wajabta cewa kafin a yi babban aiki irin wannan, sai an rubuta rahoton illar da zai yi wa muhalli, an kai wa Hukumar Kare Muhalli, kuma idan za a tashi jama'a daga mazauninsu, sai an yi taron jin ra'ayinsu. Madalla. Amma su wa ake ƙirgawa a cikin jama'ar?

Mai awo ya zo da takarda ya ƙirga gidaje, gonaki, itatuwan kaɗanya da kaburbura, domin waɗannan ba sa motsi. Burtali fa? Mashaya fa? Fadamar da garke ke ci daga Janairu har faɗuwar damina fa? Ƙasa a nan arewa tana hannun sarakuna da masu ƙasa, makiyayi kuwa, ko a nan aka haifi kakansa, baƙo ake ce masa. Saboda haka diyya ta wuce ta kansa, ruwa ya cinye makiyayarsa, shanu su doshi gonakin mutane, sannan a turo sojoji a ce shi ne mai tada fitina. Haka ake yi wa mutum aski ba ya nan.

Ba mu ƙi dam ba. Mu ma ambaliyar da ke biyo bayan buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso tana ci mana dabbobi. Abin da muke nema shi ne a zana burtali da mashaya a taswirar rahoton, a bi yarjejeniyar kiwo ta ECOWAS ta 1998, a yi taron da Fulatanci da Hausa da Dagbanci, a ruga da kara, ba da Turanci a otal ba.

Ku kuma dillalai, kada ku ce ba ruwanku. In garke ya ƙaura, me za ku loda wa motocin Kumasi da Ankara? Kowane arɗo ya fara rubuta sunayen mashayun yankinsa, ya kawo ofishin ƙungiya.