Waken Da Turai Ta Ƙi, Wa Yake Cin Sa?

Yau ba maganar kujera na zo da ita ba, maganar wake ce. Kar ku yi dariya, ku bari in kai ƙarshe.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalilinsu shi ne sun auna sun tarar da sinadarin diklobos, wato wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, ya wuce kima. Dokarsu ta yarda da miligiram 0.01 a kowane kilo, amma a namu waken an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. Ku lissafa da kanku, a wani buhun an ninka abin da aka yarda da shi sau 460. Da farko shekara ɗaya suka ba mu mu gyara. Ba mu gyara ba, a 2016 suka ƙara shekara uku, a 2019 suka sake ƙara uku. Mu ne fa ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya.

Me ya haɗa wannan da mu mutanen Tofa? Komai ma. Waken da manomin Doka ko Lambu ko Yanoko ya sussuke, ƙarshensa Dawanau, nan maƙwabtanmu a Dawakin Tofa. Daga can ake loda tireloli zuwa Legas da Nijar da Ghana, ana haɗa riɗi da zoɓo da citta a tura ƙetare. A sito ake cakuɗa na mai gaskiya da na mai algus. Baturen da ke auna kaya a tashar jirgin ruwa bai san sunan Malam wane ba, sunan Najeriya kawai ya sani. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai, abin da ya faru ke nan.

To ga tambayar da ta hana ni barci: waken da aka hana shiga Turai, zubar da shi aka yi? A'a. Shi ne ƙosan da muke saya wa yara da safe, shi ne alalar azumi, shi ne garau-garau na 'yan makaranta. Bature yana da ɗakin gwaji, ya ce ba zai ci ba. Mu da ba mu da shi, mun ci mun sha ruwa mun gode Allah.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji a majalisa: ai Turawan ma munafukai ne. Wallahi akwai gaskiya a ciki. Binciken da ƙungiyar Public Eye ta fitar a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 kaɗai, kamfanonin Turai sun shirya fitar da sama da tan dubu 81 na magungunan feshi da aka haramta amfani da su a gonakinsu, zuwa wasu ƙasashe. Abin da suka hana manominsu, sun halatta wa kansu ribarsa. Mu Kanawa kuma ba sai an ba mu labari ba, mun tuna gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara 200 a Asibitin Zana lokacin sanƙarau na 1996, aka yi ta shari'a har aka sasanta a kan dala miliyan 75 a 2009. Duk wannan haka ne.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba Bature ne ya zo sitonmu ya tsiyaya fiya-fiya a buhu ba. Ba shi ke zuba yashi a riɗi don ya yi nauyi ba, ba shi ke ɗora mai kyau a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa ba. Mu ne, kuma muna fitowa daga masallaci muke yi. Alhali sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, kuma kowa ya san labarin da Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya nesanta mai algus daga al'ummarsa.

Ban ce ɗan kasuwa mugu ba ne. Mutum ya zuba jarinsa gaba ɗaya a wake da kaka, yana kallo ƙwari za su mayar masa da shi gari kafin bazara. Tsoron asara ne ke kai hannunsa ga kwalba. Shi ya sa wa'azi kaɗai ba zai isa ba, sai an ba shi mafita. Kuma mafitar tana nan: buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure tam, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba ɗigon magani. A nan Kano ma ana yin sa. Matsalar ita ce ya fi buhun gargajiya tsada, kuma mai saye ba ya ƙara ko sisi don wakenka ba guba.

A nan siyasa ta shigo. A watan Fabrairun 2024 mun ga hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta rufe rumbuna a Dawanau kan zargin ɓoye abinci. Ashe in an so shiga kasuwar ana iya shiga. To a shiga saboda guba ma.

Don haka duk wanda zai zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wancan ɓangaren, mu ajiye masa buƙata uku. Ɗaya, ɗakin gwaji a cikin Dawanau, a auna kaya kafin a loda, wanda ya ci gwaji a ba shi shaida ya sayar da daraja. Biyu, tallafin buhun PICS a kowace mazaɓa ta Tofa da kaka, kamar yadda ake rabon taki. Uku, a dawo da malaman gona na KNARDA ƙauyuka, su kuma NAFDAC su hukunta babban mai sito kafin su kama mai kwano goma.

Mu ma 'yan tafiya akwai namu. Da yawanmu manoma ne, wasu dillalai, wasu masu sito. Ba zai yiwu mu cika Facebook da zagin azzaluman shugabanni ba, alhali buhun da ke zaurenmu ba za mu yarda 'ya'yanmu su ci daga ciki ba. Kafin ka ɗinke bakin buhu bana, tambayi kanka ko za ka ɗebi kwano ɗaya ka kai wa mahaifiyarka. In amsar a'a ce, kar ka kai shi kasuwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da cin haram.